Zanen izometirik a kwamfuta: tambayoyi da amsoshi ga ɗalibai da masu sana'a

Tambayoyin nan su ne suka fi yawan fitowa daga ɗaliban makarantun fasaha na Garwa da Marwa da Ngaundare, da masu walda da kafintoci da masu aikin famfo daga Kusiri har Njamena, mutanen da hannunsu ya saba da fensir da allon zane amma yanzu suke son komawa kwamfuta. Sunayen umarni an bar su yadda suke a cikin manhaja, tunda haka za ka buga su.

Malam, wai mene ne izometirik ɗin, kuma me ya raba shi da hoto?

A hoto, abin da ya yi nisa yakan ƙanƙance, layukan titi su je su haɗu a can gaba. A izometirik ba haka ba ne: layukan da suke jere da juna a jikin abu, a takarda ma jere suke tafiya har abada. Layukan tushe uku ne ke riƙe da zanen. Ɗaya a tsaye, shi ne tsayi. Biyu suna tashi daga kwance da digiri 30, ɗaya ya yi dama ɗaya ya yi hagu, su ne tsawo da faɗi. Tsakanin kowane biyu akwai digiri 120. William Farish na jami'ar Kambirij a Ingila ne ya tsara ƙa'idojinsa a rubuce a 1822, don nuna injuna.

Abin da za ka riƙe ɗaya ne, kuma kusan duk kuskuren da za a ambata a ƙasa daga manta shi yake tasowa: awo na gaskiya yana kan waɗannan layuka uku ne kawai, da layukan da suke jere da su. Duk layin da ya kauce musu, tsawonsa a takarda ƙarya ne.

Ta ina zan fara? Ban taɓa yi a kwamfuta ba.

Fara da bulon siminti mai tsawon santimita 40, tsayi 20, kauri 15, a manhajar zane ta Inkscape, tunda kyauta ce. Danna Shift da Ctrl da D, tagar kaddarorin takarda za ta buɗe. Sa ma'auni ya zama milimita. Shiga sashen raga, wato layukan jagora da ake zane a kansu, ka ƙirƙiri raga irin ta akzonometirik, kusurwar X 30, kusurwar Z 30, tazarar Y milimita 5. Kunna maganaɗisun da ke jan alƙalami zuwa mahaɗar raga.

A sikeli 1:5, bulon zai zama milimita 80 da 40 da 30, wato gidan raga 16 da 8 da 6. Ja layin tsaye na gaba tukuna, gida 8. Daga gindinsa ka ƙirga gida 16 zuwa dama, gida 6 zuwa hagu. Rufe kowace fuska ta zama siffa mai zaman kanta, guda uku: sama, dama, hagu. Kada ka zana su da layuka warwatse, domin in ka zo zuba launi ko inuwa ba za su karɓa ba.

Maɓallin # ne ke ɓoye raga ya kuma dawo da ita. A allon rubutu irin na Faransa, wanda ya fara da AZERTY, sai ka haɗa AltGr da 3.

Na ji ana cewa a rage awo zuwa kashi 81.6 cikin ɗari. Dole ne?

Ba dole ba ne. In aka ɗauki abu aka juya shi digiri 45, sannan aka sunkuyar da shi digiri 35.26 wajen mai kallo, kowane gefe nasa zai bayyana da 0.816 na tsawonsa. Abin da manhajojin da ke gina abu mai jiki uku, wato mai tsawo da faɗi da tsayi, irin su FreeCAD, suke fitarwa ke nan. Masu zane da hannu kuwa tun da can suka ga babu amfanin wannan lissafi, suka riƙa sa awo cikakke a kan layukan uku. Siffar ɗaya ce, sai dai ta biyun ta fi girma da kashi 22.5 cikin ɗari.

Matsala tana zuwa ne in ka gauraya. Ka ɗauko injin da FreeCAD ta fitar, ka ɗora shi a kan teburin da ka zana da raga, sai ka ga injin ya yi ƙanƙanta ba gaira ba dalili. Maganinsa ka ƙara girman wanda aka ɗauko zuwa kashi 122.47 cikin ɗari, ko ka rage naka zuwa 81.65. Zaɓi ɗaya tun farko ka tsaya a kansa.

Ina da zanen ƙofa na gaba-da-gaba, da duk adonta. Sai na sake zana ta a raga?

A'a, ɓata lokaci ne. Kwantar da ita za ka yi a kan fuskar da kake so, da matakai biyu ko uku.

Fuskar gefe, dama ko hagu: matse faɗinta kaɗai zuwa kashi 86.602 cikin ɗari, tsayi ya zauna a 100. Sannan ka karkatar da ita ta tsaye da digiri 30. Alamar ƙari tana ba da fuska ɗaya, alamar ragi ta ba da ɗayar. Manhajoji sun saɓa a kan wacce ce wacce, saboda haka in ta karkata inda ba ka so, sauya alamar kawai. Dalilin matsewar shi ne karkatarwa tana miƙe layukan kwance. In ka tsallake ta, ƙofar mita 1 za ta fito mita 1.155.

Fuskar sama: juya zanen digiri 45, matse tsayinsa kaɗai zuwa 57.735, sannan ka ƙara girmansa gaba ɗaya zuwa 122.47. Jerin yana da muhimmanci. In ka matse kafin ka juya, wani abu daban za ka samu.

A Inkscape akwai gajeriyar hanya. Shift da Ctrl da M suna buɗe tagar sauya siffa, a cikinta akwai shafin matiris mai gidaje A zuwa F. Fuskar dama: A 0.866, B −0.5, C 0, D 1. Fuskar hagu: haka nan, sai dai B ya zama 0.5. Fuskar sama: A 0.866, B 0.5, C −0.866, D 0.5. E da F a bar su sifili. Rubuta waɗannan a takarda ka manna a gefen kwamfuta.

Abu ɗaya da ke lalacewa a nan shi ne kaurin layi. In ka karkatar da rukuni ko murabba'in da bai zama layi zalla ba, kaurin ma yakan karkace, wani gefe ya yi kauri wani ya sirance. Wargaza rukunin, ka mayar da siffofin layi zalla da Shift da Ctrl da C, sannan ka karkatar, daga baya ka daidaita kauri.

Da'irorina ba sa zama daidai. Bututu sai ya yi kamar an taka shi.

Nan ne ake gane wanda ya iya. Da'ira a izometirik elips take zama, wato siffar ƙwai mai kai biyu daidai, kuma tana da lambobi biyu da kwanciya ɗaya.

Lambobin: in kana aiki da awo cikakke, dogon gefen elips ɗin shi ne faɗin da'irar sau 1.225, gajeren kuma sau 0.707. Ramin milimita 20 zai zama 24.5 da 14.1. Mutane da yawa suna barin dogon gefen a 20, sai ramin ya fito ƙarami a cikin murabba'in da ya kamata ya taɓa gefunansa huɗu. Gwajin ke nan ma: zana murabba'in izometirik mai gefe 20, elips ɗin dole ya taɓa tsakiyar kowane gefe, ba ƙari ba ragi.

Kwanciyar: gajeren gefen elips kullum yana bin hanyar da ramin ya nufa, wato layin da ƙusa za ta bi in an zura ta. Dogon gefen yana gicciye da shi da digiri 90. Saboda haka a fuskar sama dogon gefen a kwance yake sak. A fuskar dama yana tashi da digiri 60 ya jingina dama. A fuskar hagu yana kan digiri 120, ya jingina hagu. Bututun da ya yi kamar an taka shi, sau tari an sa dogon gefen ne a tsaye ko a kan digiri 30, saboda ido yana ruɗin mutum cewa ya kamata ya bi gefen akwatin.

Jikin bututu ko tanki kuwa, zana elips ɗaya, kwafe shi, tura kwafin a kan layin tushe gwargwadon tsawon bututun, sannan ka haɗa ƙarshen dogayen gefunan biyu da layuka miƙaƙƙu. Ƙarshen dogon gefe, ba inda elips ya taɓa murabba'i ba. Share rabin elips na baya da ba a gani.

Ƙwallo shi kaɗai ne yake zama da'ira cikakkiya, amma faɗinsa sau 1.225.

A AutoCAD ba sai ka yi lissafi ba: buga ELLIPSE, zaɓi Isocircle, nuna tsakiya, ba da rabin faɗi na gaskiya. Zaɓin ba ya fitowa sai ka kunna ISODRAFT, kuma F5 ne ke zagayawa da kai tsakanin fuskokin uku. Duba fuskar da kake kai kafin ka zana, in ba haka ba elips zai kwanta a fuskar da ba tasa ba.

Rufin kwano mai gangare digiri 15 fa? In sa 15 a manhaja?

Kada ka sa. Kusurwa ba ta da gaskiya a izometirik; kwanar digiri 90 ma 60 ko 120 take fitowa. Nemo kan layin da gindinsa ta hanyar awo a kan layukan tushe, sannan ka haɗa su. Gangaren digiri 15 a kan faɗin mita 4 yana tashi mita 1.07. Auna 4 a kan layin digiri 30, auna 1.07 a tsaye, ja layi tsakaninsu. Shi ke nan.

Don ka ga girman ruɗin: murabba'i mai gefe 100, layin da ya ratsa shi kwana zuwa kwana 141 ne a gaskiya. A izometirik ɗaya yana fitowa 173, ɗayan 100. Wanda ya ɗora rula a kan ƙarfen da aka gicciya don ƙarfafa ƙafar tanki ya yanka da wannan awo, ya yi asarar ƙarfe.

Wannan dalili ne ya sa OFFSET, umarnin da ke kwafe layi a gefensa, da FILLET, mai lanƙwasa kwana, suke yaudara a AutoCAD. OFFSET yana auna tazara da digiri 90 na takarda, ba na fuskar ba, sai kaurin bango ya fito ba daidai ba. Yi amfani da COPY a kan layin tushe. FILLET kuma da'ira ta gaskiya yake lanƙwasawa; zana elips ka datse kashi ɗaya cikin huɗu nasa.

A makaranta kavaliyer aka koya mana, digiri 45 da rabin zurfi. Na zaɓi wannan suna a manhaja sai zurfin ya fito cikakke.

Sunan ne ya saɓa. A tsarin karatun Faransanci, kavaliyer ya haɗa duk zanen da fuskar gaba take zaune yadda take, zurfi ya tafi a karkace, yawanci digiri 45 da ragin 0.5. Manhajojin Ingilishi sun raba shi biyu: mai zurfi cikakke shi ne kavaliyer a wurinsu, mai rabin zurfi kuma kabinet. Abin da malaminku ya koya muku kabinet ne.

Kada a raina shi. In abu yana da da'irori da yawa a fuska ɗaya, kamar fuli ko faifan haɗa bututu mai ramuka takwas, juyo wannan fuskar gaba, duk da'irorin su zauna da'ira, ka huta da elips. Kafinta ma ya fi gane kabad a haka.

Akwai kuma dimetirik, wanda ƙa'idar ISO 5456 ta ba shi kusurwa 7 da 42, zurfi rabi. Yana da amfani in abin ya kusa zama murabba'i ta kowane gefe, domin a izometirik kwanar gaba da ta baya suna hawa kan juna, ido ya rasa gane ciki da waje. Wahalarsa ita ce elips iri biyu, faɗin da'ira sau: 1.06 da 0.94 a gaba, 1.06 da 0.35 a sama da gefe.

Wace manhaja ce ta fi?

Ya danganta da inda zanen zai je. In na takardar bayani ne ko allon talla, Inkscape ta isa, kuma ba ta wahalar da tsohuwar kwamfuta. Illustrator ma da hanyar matsewa da karkatarwa ake yi. Corel DESIGNER an gina ta ne don wannan aiki: ka zaɓi fuska, duk abin da ka zana ya kwanta a kanta da kansa. Affinity Designer ma tana da irin wannan. In zanen awo ne da za a kai wurin aiki, LibreCAD kyauta ce kuma tana da ragar izometirik, AutoCAD kuwa ita ofisoshin injiniyoyi suka fi sani.

Amma in abu ɗaya za ka nuna ta fuska huɗu ko biyar, ko ka san za a yi ta sauya awo, daina zana shi a shimfiɗe. Gina shi da jiki uku a FreeCAD, sashen TechDraw ya fitar maka da kowace fuska. A SketchUp sai ka fara mayar da kyamara zuwa Parallel Projection kafin ka zaɓi Iso, in ba haka ba hoto ne kake gani mai kama da izometirik.

Na buga 86.602 manhaja ta ƙi karɓa. AutoCAD ɗina kuma na Faransanci ne.

Kwamfutar da aka saita da Faransanci waƙafi take so a maimakon ɗigo, saboda haka gwada 86,602. AutoCAD ita ce ta fita daban: ɗigo take karɓa a kowane harshe, waƙafi a wurinta raba X da Y yake yi. In ka buga 12,5 ta ɗauka wuri kake nuna mata. Umarnin Ingilishi kuwa yana aiki a ta Faransanci in ka sa ƙaramin layin ƙasa a gabansa, kamar _ISODRAFT.

Yaya ake sa rubutu da lambobin awo su kwanta a jikin fuska?

A AutoCAD ƙirƙiri salon rubutu biyu, ɗaya mai jingina 30, ɗaya −30. Fuskar dama: juyi 30, jingina 30. Fuskar hagu: juyi −30, jingina −30. Fuskar sama: juyi 30, jingina −30. Layukan awo kuma a ja su da DIMALIGNED, sannan DIMEDIT da zaɓin Oblique ya karkatar da ƙafafunsu zuwa 30 ko 90 ko 150. A Inkscape matiris ɗin nan na sama yana aiki a kan rubutu.

In da Hausa kake rubutawa, zaɓi haruffan da ke da ƙ da ɗ da ɓ, kamar DejaVu Sans ko Noto Sans.

Zanena yana fita daga takarda. Akwai hanyar sani tun kafin in fara?

Akwai. Faɗin zanen shi ne tsawo da faɗi a haɗe, sau 0.866. Tsayinsa shi ne tsayin abin, a ƙara rabin tsawo da faɗi a haɗe. Ɗauki ƙafar tankin ruwa ta ƙarfen kwana, milimita 1200 da 1200, tsayi 3000. A sikeli 1:20 ta zama 60 da 60 da 150. Faɗi a takarda 104, tsayi 210. Ta shiga A4 a tsaye, mai 210 da 297. Ka ɗora mata tanki mai faɗin mita 1, elips ɗinsa 61.2 da 35.4, tsayin tankin mita 1.3 ya zama milimita 65, tsayin zanen gaba ɗaya ya kai kusan 263. Ga shi wurin akwatin suna, inda ake rubuta sunan zane da sikelinsa, ya ƙare. Koma A3, ko sikeli 1:50.

In na ba mai walda izometirik kaɗai, ya isa ya yi aiki?

Ga teburi ko benci, mai yiwuwa. Ga abin da ramuka za su haɗu da ramuka, bai isa ba. Izometirik na ganewa ne, ya nuna wa maigida da mai walda abin da ake nufi cikin daƙiƙa biyar. Yanka da huda kuwa daga zanen gaba da sama da gefe ake yin su, mai lambobi a rubuce. Sa duka a takarda ɗaya, izometirik a kusurwar sama ta dama.

A kula da tsarin jera fuskokin. Makarantun fasaha na Kamaru da Chadi tsarin Turai suke bi: abin da aka gani daga hagu a dama ake ajiye shi, abin da aka gani daga sama a ƙasa. Tsarin Amurka akasin haka ne, kuma wasu manhajojin da shi suke zuwa. Sakamakon ruɗewa shi ne a huda rami a dama alhali na hagu ne. Alamar da ke nuna tsarin tana cikin akwatin suna, mazurari mai yankakken kai da da'ira biyu: in da'irorin suna kusa da faffaɗan kai, na Turai ne, in suna kusa da siririn kai, na Amurka ne. A TechDraw ana zaɓen tsarin a cikin saitin rukunin fuskoki.

Zanen bututun rijiyar burtsatse zuwa tanki ma da sikeli ake yi?

A'a, shi al'adarsa daban ce. Bututun mita 60 da gwiwar santimita 5 ba sa zama a sikeli ɗaya. Layi guda mai kauri ne yake wakiltar bututu, gwiwa da bawul da mahaɗa mai baki uku alamomi ne, tsawon kowane yanki a rubuce, da faɗinsa, milimita 32 ko 40 ko 63. Sa kibiyar arewa a kusurwa kada ka sauya ta daga shafi zuwa shafi. In bututu ya kauce da digiri 45, zana ƙaramin alwatika a ƙarƙashinsa ka cika shi da siraran layuka, a san ko a kwance ya kauce ko a tsaye. Inda biyu suka gitta ba su haɗu ba, katse na bayan.

Zanen da ake warware inji a ga kowane ƙarfe fa?

Zana injin a haɗe tukuna, kowane ƙarfe rukuninsa daban. Sannan ka ja su waje, kowanne a kan layin da ake zura shi: noti da washa da fuli na injin niƙa duk su bi layin sandar da suke kai, a jerin da makaniki zai cire su. Riƙe Ctrl ba zai taimaka a digiri 30 ba in kana jan abu a Inkscape, domin kwance da tsaye kaɗai yake kullewa. Bar maganaɗisun raga ya yi aikin, ko ka buga tafiyar da lamba, 0.866 na tazarar a kwance da 0.5 a tsaye. Siririn layi mai ɗigo da tsawo ya ratsa tsakiyarsu. Lambobi su zauna a waje, layukan nuninsu kada su bi digiri 30 ko tsaye, don kada su saje da jikin zanen.

Kaurin layi iri biyu ya wadatar: milimita 0.5 ga gefen waje inda ƙarfe ya rabu da sarari, 0.25 ga layin da fuska biyu da ake gani suka haɗu. A A3 ana iya 0.7 da 0.35. Layukan ɓoye masu tsinke-tsinke ba a cika sa su a izometirik ba, cunkoso suke kawowa.

Na kai wurin buga takarda, awo ya sauya, ƙ da ɗ sun zama akwatuna.

Fitar da PDF, kada ka kai fayil ɗin manhajar. Wajen fitarwa zaɓi a mayar da rubutu layi zalla, haruffa ba za su dogara da kwamfutar mai shago ba. Ajiye kwafin da ba a mayar ba don gyara. Wajen bugawa ka ce a sa girman gaskiya, kashi 100, domin zaɓin daidaita da shafi yana ɗan rage zanen ba tare da ya faɗa ba. Ja layin milimita 100 a gefen takardar tun a kwamfuta, ka tafi da rula a aljihu, ka auna shi kafin ka biya kuɗi.